Duniyar da Ba Ta da Sama da Ƙasa: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Yawancin ruwan da ke shayar da auduga da dawa da gyaɗa a gonakin Jazira ta Sudan ba injin da ya ɗago shi. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, nauyinsa ne ke tura shi, daga babbar tur'a, wato magudanar ruwa, zuwa ƙanana, daga nan zuwa wadda ake kira abu ishirin, daga abu ishirin zuwa abu sitta, har ya shiga hawasha, wato gonar manomi. Wanda ya tsaya a bayan gari a Wad Haddad ya dubi yamma zai rantse ƙasar a baje take, ba tudu ba kwari. Alhali kuwa tana da ɓoyayyen gangare da bai kai kamu ɗaya a kilomita ba, kuma shi ke ratsawa da ruwa cikin faddan wajen miliyan 2. Hausawa da Fulanin da suka zauna a Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu, tun bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zuba gumi a wannan aiki. Don haka idan ana zancen jan nauyi a shimfiɗaɗɗiyar duniya, mutanen nan ba baƙi ba ne.

Masana fiziks ma suna da tasu shimfiɗaɗɗiyar duniyar, sai dai a takarda suka ƙage ta. Tana da tsawo, tana da faɗi, ba ta da sama da ƙasa. In an haɗa da lokaci sun zama fuska uku. Wasu kuma sukan ƙara sharaɗi, su ce agogo ɗaya ne ga kowa, kamar yadda Newton ya ɗauka kafin Einstein ya nuna a 1905 cewa agogon mai tsananin gudu yana jinkiri. An fara wannan lissafi ne don a sauƙaƙa matsalar da ta gagara, ba don ana zaton za a ga irinsa a zahiri ba. Sai ga shi ya bayyana a cikin ɓawon ƙarfe da na gawayi, waɗanda sirantarsu ta hana ilektiron motsi sama ko ƙasa. Wannan ne ya fi burge ni a batun gaba ɗaya.

Lissafin Newton bai yi ritaya ba, kuma Sudan shaida ce. Ranar 6 ga Oktoba 2008 wani mai duban taurari a Arizona ta Amurka, Richard Kowalski, ya hango wani dutse mai faɗin kamar mita 4 yana nufo duniya. Cikin sa'o'i aka lissafa inda zai faɗo da lokacin. Da asubahin washegari ya tarwatse a saman hamadar Nuba, inda aka ce. Shi ne karo na farko da aka ga irin wannan dutse a sarari kafin ya iso. A watan Disamba na shekarar, Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka jera ɗalibai sahu-sahu a cikin rairayi suna tsintar gutsattsarinsa kusa da tasha ta shida ta jirgin ƙasa, shi ya sa ake kiransa Almahata Sitta. A cikin gutsattsarin an sami ƙananan lu'ulu'u da girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. A riƙe girafait, za mu dawo kansa.

A 1923 wani Bafaranshe, Élie Cartan, ɗan maƙeri ne daga wani ƙauye, ya ɗauki dokar Newton ya sake rubuta ta da salon Einstein. Maimakon a ce ƙarfi ne ke jawo mangwaro ƙasa, sai a ce hanyar da mangwaron ke bi cikin sarari da lokaci ce ta lanƙwashe. Amsar ba ta sake ba ko da ɗigo, shi ya sa galibin masana suka yaba, suka ajiye. Shekara 90 bayan haka aka zo neman aikin nan ido rufe. Da tsohuwar zuma ake magani.

A shimfiɗaɗɗiyar duniya ta Einstein, abu biyu masu nauyi za su zauna kusa da juna har abada ba wanda zai ja wani. Babu kuma igiyar jan nauyi irin wadda na'urar LIGO ta kama a 2015. To ina nauyin ya tafi? Ɗauki faifai, ka yanke masa tsinke guda daga baki zuwa tsakiya kamar yankan kankana, ka cire, ka ɗinke bakin biyu. Ya tashi daga faifai ya koma malfa. Ko'ina ka taɓa a jikinta saƙar tana nan yadda take, a tsinin ne kawai aka sami canji. Tururuwa biyu da suka taso kafaɗa da kafaɗa, kowace ta miƙe ba ta karkata ba, ɗaya ta bi daman tsinin ɗaya ta bi hagu, za su yi karo a gaba, ba tare da wani abu ya ja su ba. Abin da nauyi ke yi ke nan a wannan duniya: yana cire yanki daga sarari, kuma girman yankin gwargwadon nauyin ne. Wani ɗan Polan, Andrzej Staruszkiewicz, ya gano haka a 1963, sannan Deser da Jackiw da 't Hooft suka faɗaɗa shi a 1984.

Daga nan wani abu ya biyo baya wanda yaro zai iya tabbatarwa a filin ƙwallo. Idan irin wannan duniya za ta rufe kanta ta zama dunƙule, tilas jimlar yankunan da aka cire ta zama digiri 720 cif, ba ƙari ba ragi. Ɗauki tsohuwar ƙwallon nan mai baƙi da fari ka ƙirga. Baƙaƙen fatun masu kusurwa biyar guda 12 ne, fararen masu kusurwa shida guda 20. Masu shida a baje suke kwantawa, masu biyar ne ke jawo lanƙwasa, kowanne digiri 60. Sau 12, ga 720. Ƙwayar gawayin nan mai atam 60 da Kroto da Curl da Smalley suka gano a 1985 haka take ɗinke sak.

Girafait kuwa tarin shimfiɗu ne, ɗaya bisa ɗaya, kowace kaurinta atam guda, a saƙe da gidaje masu kusurwa shida. In gida guda ya zo da biyar, shimfiɗar sai ta yi tsini. A 1997 masu bincike suka duba irin waɗannan tsinaye da madubin ilektiron suka ga iri biyar ne kacal, masu buɗewar digiri kusan 113, 84, 60, 39 da 19. Gida mai kusurwa biyar ɗaya ne, ko biyu, har zuwa biyar, ba wata hanya. Tun 1992 Katanaev da Volovich a Mosko suka nuna cewa lissafin irin wannan aibi a jikin daskararren abu shi ne lissafin nauyi a duniya mai fuska uku.

Shimfiɗa guda ta girafait ita ake kira girafin. Andre Geim da Konstantin Novoselov sun ɓamɓaro ta a Manchesta a 2004 da salatif, suka karɓi kyautar Nobel a 2010.

In kuwa dokar Newton ka kai shimfiɗaɗɗiyar duniya, akasin haka za ka gani. Akwai ja, kuma ba ya saurin raguwa: ka ninka nisa, ya ragu da rabi kawai, ba kashi huɗu ba kamar a tamu. Sakamakon haka ba roka da za ta tsere. A duniyarmu gudun kilomita 11 da ɗoriya a daƙiƙa ya isa abu ya rabu da ƙasa har abada. A can, kome gudunsa, zai dawo. Ga Newton yana cewa ba mai kuɓuta, ga Einstein yana cewa ba ma abin da ke ja. A duniyarmu in aka rage gudu maganarsu takan zo ɗaya, a can kuwa sun raba gari.

Wannan saɓani ne ya haifi nazarin da ake yi yanzu. A 2009 Papageorgiou da Schroers a Edinbara, sannan a 2016 Eric Bergshoeff da Jan Rosseel, suka nuna akwai hanya ta uku. In aka ƙara wa lissafin Einstein wasu sassa biyu aka bar gudun haske ya tafi ba iyaka, ana samun duniya mai agogo ɗaya irin na Newton, amma wadda abu ke iya lanƙwasa sararinta. Ita ba ta Newton ba, ita ba ta Einstein ba. Tushenta wata baƙuwar ɗabi'a ce da sai a shimfiɗe ake samu, wadda Jean-Marc Lévy-Leblond ya lura da ita tun farkon shekarun 1970: a ƙa'idar kwantam, ka tunkuɗa abu gabas sannan arewa, ba lallai ya zo daidai da ka tunkuɗa shi arewa sannan gabas ba. An ɗauke ta a matsayin ado na lissafi har 2000, lokacin da Duval da Horváthy suka danganta ta da halin ilektiron a ƙarƙashin maganaɗisu.

Duk da rashin ja, an sami baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, a shimfiɗaɗɗiyar duniya ta Einstein. Bañados da Teitelboim da Zanelli na ƙasar Chile ne suka fito da shi a 1992, bisa sharaɗin sararin ya kasance da wata lanƙwasa tasa ta asali. Masana da yawa ba su zaci haka ba.

Lissafin da ke ɗaure wannan duka yana ɗauke da sunan mutum biyu, Shiing-Shen Chern ɗan Sin da Jim Simons Ba'amurke, waɗanda suka buga shi a 1974 ba su da fiziks a rai sam. Achúcarro da Townsend a 1986, da Edward Witten a 1988, suka nuna jan nauyi mai fuska uku kacokan ɗinsa lissafin Chern da Simons ne. Shi Simons ya bar koyarwa a jami'a ya shiga kasuwar hannun jari, ya kafa kamfanin Renaissance Technologies, ya zama ɗaya daga cikin attajiran duniya, ya kuma zuba dukiya mai yawa a binciken lissafi da kimiyya kafin rasuwarsa a Mayun 2024.

Yanzu mu koma ga abin da hannu ke taɓawa. A 1879 wani ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins, Edwin Hall, ya tura lantarki cikin siririn ganyen zinariya, ya sa maganaɗisu, ya ga lantarkin yana karkata gefe guda. Ya yi wannan shekara 18 kafin a san akwai ilektiron. Yau in matafiyi ya ɗora waya a tafin hannu yana jujjuya ta don neman alƙibla, a wayoyi da dama ɗan guntun da ke jin maganaɗisun ƙasa da dabarar Hall yake aiki.

Shekara ɗari da ɗaya bayan Hall, cikin daren 4 zuwa 5 ga Fabrairu 1980 a Grenoble ta Faransa, Klaus von Klitzing ya maimaita gwajin da ilektiron da aka matse a shimfiɗa, cikin tsananin sanyi da maganaɗisu mai ƙarfi. Ma'aunin bai hau a hankali ba, sai ya riƙa hawa mataki-mataki yana tsayawa cak. Kuma kowane mataki lamba ɗaya ce aka raba: om 25,812.807, raba ɗaya, raba biyu, raba uku. Abin da ya gigita masana shi ne lambar ba ruwanta da tsabtar abin da aka gwada, ko girmansa, ko wanda ya ƙera shi. A Jamus ko a Japan, amsa ɗaya ce har zuwa kashi ɗaya cikin biliyan. Kowane abu na duniya yana da aibi, ga shi an sami awo daga abu mai aibi wanda aibin bai taɓa ba. Lissafin Chern da Simons ne ke bayyana dalili, domin shi ba ya kula da ƙananan lanƙwashe-lanƙwashe, siffar gaba ɗaya yake ƙirgawa.

Wannan lamba ta shiga kasuwa. Daga 1889 kilo wani dunƙulen ƙarfe ne a kulle a Sèvres kusa da Faris. Daga 20 ga Mayu 2019 an sauke shi, an ɗora kilo a kan wata lamba ta halitta, kuma sikelin da ake tabbatar da ita da matakan von Klitzing yake aiki. Kilon sukarin da ake auna wa uwargida a kasuwar Wad Madani, in aka bi salsalarsa, can yake tuƙewa.

Ilektiron ba ya rabuwa, kowane littafin sakandare ya faɗa. Amma a 1982 Tsui da Störmer da Gossard suka ga mataki a kashi ɗaya cikin uku. Robert Laughlin ya bayyana a 1983 cewa ilektiron ɗin sun haɗu sun zama wani irin ruwa, kuma ɗan kumburin da ke yawo a ruwan yana ɗauke da sulusin cajin ilektiron. A 1997 aka auna sulusin kai tsaye a ɗakunan gwaji biyu. Ba a fasa ilektiron ba, taron ne ya yi abin da ɗaya ba zai iya ba.

Waɗannan 'yan sulusi suna da tunawa. In ka zagaya da ɗaya kewayen ɗan'uwansa ka mai da shi mazauninsa, yanayinsu ba ya komawa yadda yake, alamar zagayen tana nan. A duniya mai sama da ƙasa hakan ba ya yiwuwa, don ana iya ɗaga zaren hanyar a tsallakar da shi. A shimfiɗe ba inda za a ɗaga. Leinaas da Myrheim a Oslo suka hango haka a 1977, Frank Wilczek ya raɗa musu suna aniyon a 1982, sai a 2020 aka tabbatar da su a Faris da kuma Jami'ar Purdue. Shekara 43 ana jira.

To me ya kawo Cartan nan? Ilektiron da ke cikin irin wannan ɓawon ƙarfe gudunsu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na gudun haske ba, agogonsu ɗaya, duniyarsu ta Newton ce. Mai son ya san yadda ruwansu zai amsa in an matsa shi ko an murɗa shi, dabara mafi sauƙi ita ce ya ɗora shi, a lissafi, kan lanƙwasasshen sarari ya ga abin da zai yi. Luttinger ya fara irin wannan wayo a 1964, inda ya ƙagi jan nauyi na ƙarya don ya lissafa tafiyar zafi a cikin ƙarfe. Amma lanƙwasasshen sarari mai agogo ɗaya, Cartan ne ya tanade shi. Wanda ya haɗa biyun a 2013 shi ne Dam Thanh Son na Jami'ar Chicago, haifaffen Hanoi ta Biyetnam, wanda ya ci lambar zinariya a gasar lissafi ta duniya a 1984 yana ɗan shekara 15, daga ƙasar da ba ta daɗe da fita daga yaƙi ba. Nakan so yaran Jazira, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba da azuzuwansu, su san wannan game da shi.

Ruwan ilektiron yana da wani irin kauri wanda ba ya cin ƙarfi. Kaurin da muka sani yana tare motsi ya mai da shi zafi. Wannan kuwa gefe yake turawa, ba ya rage komai. Avron da Seiler da Zograf suka lissafa shi a 1995, aka auna shi a girafin a Manchesta a 2019.

A irin wannan shimfiɗa tsakiya shiru take, a baki-baki ne lantarki ke gudu, kuma hanya ɗaya yake bi, ko ya ci karo da cikas sai dai ya kewaye, ba ya juyawa. A 2017 Delplace da Marston da Venaille suka nuna teku ma haka yake. Zurfin teku 'yan kilomita ne, faɗinsa dubbai, saboda haka shi ma shimfiɗa ne, juyawar duniya ce ke tsaya masa a matsayin maganaɗisu. A layin da ya raba duniya biyu, inda karkatarwar ke sauya hannu, akwai igiyar ruwa da ake kira ta Kelvin, gabas kawai take tafiya, dalilinta kuma a lissafi ɗaya ne da na lantarkin baki-baki. David Tong na Kambirij ya fito da lissafin Chern da Simons ƙarara daga dokokin ruwa mara zurfi a 2022. Ba a tur'a za a ga wannan ba, ta yi ƙanƙanta. Amma igiyar Kelvin ce ke ɗauko ruwan ɗumi ta ratsa tekun Fasifik in El Niño, wato ɗumamar ruwan gabashin tekun, zai kama, kuma shekarun El Niño sukan zo da ƙarancin ruwan sama a tsaunukan Habasha inda Shuɗin Nilu ke tasowa. Elfatih Eltahir, ɗan Sudan da ke koyarwa a MIT, ya nuna a 1996 cewa kusan rubu'in hawa da saukar ruwan Nilu daga shekara zuwa shekara yana da alaƙa da El Niño.

Aro ba hanya ɗaya yake bi ba. A 2009 Petr Hořava ya ɗauko wata dabara daga nazarin daskararrun abubuwa, mai ɗauke da sunan Lifshitz na Tarayyar Sobiyet, ya ce wataƙila a can ƙasan ƙasa lokaci da sarari ba tagwaye ba ne, haɗin da Einstein ya yi musu daga nesa ne kawai yake bayyana. A 2015 Hartong da Obers suka nuna wannan ma da yaren Cartan yake magana. Har yau ba gwajin da ya gaskata ra'ayin Hořava, kuma daidai ne a faɗi haka a fili.

Ƙwayar jan nauyi, wadda ake kira girabiton, ba wanda ya taɓa kama ta, ƙila ma ba na'urar da za ta iya. Amma a 2011 Duncan Haldane ya ce ruwan ilektiron mai sulusi yana da siffa ta cikin gida, irin awon da ke faɗin nisa a lissafin Einstein, kuma siffar tana iya kaɗawa. Kaɗawar za ta ɗauki juyi na mataki 2, wanda shi ne tambarin girabiton. Aron Pinczuk, haifaffen Ajantina, ya ga alamar wannan kaɗawa tun 1993 ba tare da kowa ya san sirrinta ba. Lingjie Du, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa a Jami'ar Kolombiya, ya koma Jami'ar Nanjin ya gina na'urar da ke harba murɗaɗɗen haske kan shimfiɗar galiyam asanaid, a sanyin da bai kai digiri ɗaya sama da ƙarshen sanyi ba. Hasken ya shiga da murɗi ɗaya ya fito da akasinsa, bambancin mataki 2 ke nan. An buga sakamakon a mujallar Nature a Maris 2024, da sunan Pinczuk a jerin marubutan, ko da yake ya rasu a 2022. Ba girabiton na sararin samaniya ba ne, masu aikin ma ba su ce shi ne ba. Abin da ake fata yanzu shi ne a yi amfani da hannun da yake murɗawa, dama ko hagu, a tantance wane irin ruwa ne ke zaune a mataki na biyu da rabi, wanda aka gano tun 1987 ake kuma sa ran aniyon ɗinsa za su yi aiki a kwamfutar kwantam.